Ɗana, Idan Likitan Haƙori Ya Ɓata Aiki Kuma Ya Miƙo Takardar Kuɗi

Ɗana, mu mutanen Zango muna da wata ɗabi'a da ke cin mu. A kasuwar Rood Woko sai mu yi rabin sa'a muna ciniki a kan dala ashirin, amma ranar da muka hau kujerar likitan haƙori, tambayar kuɗi ma kunya take ba mu. Sai bayan cikon ya faɗo cikin tuwo, ko hular da aka ɗora wa haƙori ta hana baki rufuwa, sannan mu rabu biyu: wani ya ce ƙaddara ce ya haɗiye, wani ya je ƙofar asibiti yana zage-zage. Dukansu biyu asara suke komawa gida da ita.

Ka fara da bakinka kafin aljihunka. Idan kumburi ya hau wajen ido ko ya gangaro ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ga haɗiyar yawu tana wuya, bar maganar kuɗi ka nufi asibitin Yalgado Ouédraogo a wannan daren. Ciwon haƙori yana kisa idan ruɓa ta bi wuya.

Sannan ka yi wa likitan adalci, domin ba kowane zafi ne kuskure ba. Wanda aka cire wa haƙori zai ji jiki kwana biyu ko uku. Ciko yakan ɗan yi tsawo, a goge shi cikin mintoci kaɗan. Likita bai ɗauki alkawarin warkarwa ba, wannan na Allah ne. Abin da ke wuyansa shi ne ya yi aiki da sani da kulawa. Amma idan ya cire lafiyayyen haƙori ya bar mai ciwon, ko ya caje ka kuɗin aikin da bai yi ba, ko ya ce jika hamsin ya dawo ya rubuta ɗari, to kana da magana. Kada wani ya ce maka neman haƙƙi rashin tawakkali ne. Ibn Rushd, malamin Malikiyya da ya rasu a 1198, ya kawo a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan cewa likitan da ya yi kuskure a aikinsa yana ɗaukar diyya.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne takarda. Kafin a taɓa bakinka ka ce a rubuta maka abin da za a yi, haƙori na nawa, da kuɗinsa. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit mai hatimi. Idan ta Orange Money ko Moov ka tura, kada ka goge saƙon. Takardar magani, hoton haƙori, kwanan watan kowace zuwa, ka haɗa su wuri guda. Takardun nan da Faransanci suke, kuma na san dattawanmu da yawa a unguwar Ouidi da Hausa da Mosanci suke rayuwa. Kai da ka yi boko, raka mahaifiyarka ka karanta mata kafin ta dangwala hannu. Na sha ganin mai gaskiya ya rasa gaskiyarsa don ba shi da abin nunawa sai rantsuwa.

Da takardunka a hannu, koma wurin likitan, kai da mutum ɗaya mai sanyin rai. Ka faɗi abin da ya faru, ka faɗi abin da kake so a fili: ko ya gyara ba tare da ƙarin kuɗi ba, ko ya mayar da kuɗin aikin da ya lalace. Abin da ya yi daidai kuwa, biya shi, kada ka riƙe masa guminsa don fushi. Idan ya musa, je wurin wani likitan ya duba ya rubuta abin da ya gani, kuma a ɗauki hoto kafin a sake taɓa haƙorin, don gyara yana shafe shaida.

In abin ya ƙi, rubuta ƙorafi zuwa Ordre national des chirurgiens-dentistes, hukumar da ke yi wa likitocin haƙori rajista a Burkina Faso take kuma ladabtar da su. Ƙungiyar kare masu saye, Ligue des consommateurs du Burkina, ita ma tana sauraron koke. Kotu tana nan, sai dai tana cin kuɗi da lokaci, don haka ka auna asararka tukuna. Facebook kam ka kiyaye shi, domin ɓata suna laifi ne a dokar ƙasar nan, sai ka wayi gari kai ne ake tuhuma.

Saura masu sa haƙorin Makka a lungu da masu cire haƙori a kan benci. Wanda ba shi cikin rajistar hukumar, ba ta da lasisin da za ta ƙwace masa, sai dai ka kai shi wurin 'yan sanda. Tambayi sunan likita da takardar shaidarsa tun kana bakin ƙofa.