Haƙƙin Tsohuwar Kyanwa da Tsohon Kare a Kanmu



Da yawanmu muna ajiye kyanwa saboda ɓeraye, wasu kuma suna da karen kiwo, ko na farauta, ko na tsaron gona, waɗanda Sunna ta yi izinin ajiyewa. Amma da zarar dabbar ta tsufa, ƙarfinta ya ƙare, sai a juya mata baya. Jama'a, mu ji tsoron Allah! Duk mai ran da ka ajiye a gidanka amana ce a wuyanka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Sun kuma ruwaito labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai jin ƙishirwa. To ina ga dabbar da ta yi shekaru tana yi maka hidima?

Dabba ba ta da bakin faɗin inda ke mata ciwo, kyanwa ma ɓoye ciwonta take yi. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba da shawarar a riƙa kai tsohuwar dabba a duba ta kamar duk wata 6, ko da tana cin abincinta lafiya lau. Kare yakan fara tsufa ne wajen shekara 7, kyanwa kuma wajen shekara 10. Za a auna nauyinta, a duba haƙora da zuciya da gaɓoɓi, a gwada jini da fitsari. Ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin kyanwoyi, kuma gwaji kan gano shi tun kafin ta kwanta. In ka ga yawan shan ruwa, yawan fitsari, rama, ko ɗingishi, kar ka jira.

Don Allah kar a ba kyanwa farasitamol, guba ne gare ta, yana kashe ta. Kar kuma a yi sakaci da allurar rigakafin haukan kare, domin kariya ce ga 'ya'yanka da na maƙwabta.

Wani zai ce, Malam, muna fama da kanmu, ina muka ga kuɗin asibitin dabbobi? Gaskiya ne, iyali ne a gaba, kuma Allah ba Ya ɗora wa bawa abin da ya fi ƙarfinsa. Yi iya ƙoƙarinka: ruwa mai tsabta, inuwa, abinci mai laushi, da tambayar ma'aikacin dabbobi mafi kusa. Wanda kuma Allah Ya hore wa, ba shi da uzuri.

Allah Ya sa mu cikin masu jinƙai, Ya jiƙan mu ranar da za a tambaye mu amana. Amin.