Sunan da ke kan kwali da haƙƙin mai saye

Kasuwar Jega, wadda ta yi suna tun ƙarni na 19 bayan Malam Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin a bakin Gulbin Zamfara, ta daɗe da sanin hukuncin hajar da ake ɗagawa a duba, amma rumfunan kayan waya sun shigo da wadda ido ba ya isa ya tantance ta. Iyafis marar igiya, wanda matasan unguwar Firchin da ɗaliban jami'ar Aliero ke saƙalawa a kunne, yana zuwa ne cikin kwali a liƙe, an rubuta masa sunaye irin su AAC da aptX da LDAC, kuma sau da yawa sunayen nan ne hujjar ƙarin kuɗi.

Kowane ɗaya daga cikinsu kodek ne, wato ƙa'idar matse sauti don ya ratsa ta Bluetooth, kasancewar hanyar ba ta ɗaukar sauti mai nauyin na faifan CD, wanda ke cin kilobit 1,411 a daƙiƙa. Waya ce ke matsewa, iyafis kuma ya warware, saboda haka dole ne dukansu biyu su san ƙa'idar. Idan ɗaya bai sani ba, sai su koma kan wadda suka yi tarayya a kanta, mafi ƙaranci SBC, wadda aka wajabta wa kowace na'urar sauraren kiɗa ta Bluetooth, kuma takan tsaya kusan kilobit 328. LDAC na kamfanin Sony yana kai 990, ya shiga manhajar Android a 2017. AptX mallakar Qualcomm ne tun 2015. iPhone kuwa SBC da AAC kaɗai take aikawa. Ke nan mai iPhone da ya biya kuɗin LDAC ya sayi abin da ba zai taɓa isa kunnensa ba, alhali babu harafi ɗaya na ƙarya a jikin kwalin.

Idan kayan jabu ne, kwali ya ce akwai kuma babu, hukuncin a fili yake: algus ne, a mayar wa mai shi. Wahalar tana inda rubutu ya yi gaskiya. Imam Malik, a cikin Muwaɗɗa, ya halatta sayar da dilar tufafi bisa takardar da ke siffanta abin da ke ciki ba tare da an kwance ba, kuma idan kaya suka dace da siffar, ciniki ya zama tilas ga mai saye. A kan wannan ma'auni ɗan kasuwa yana da hujja mai ƙarfi, domin ya ba da abin da aka siffanta, kuma gazawar daga wayar mai saye ta fito. Al'amarin ya bambanta da buhun albasar Aliero da aka jera manya a baki aka cusa ƙanana a ƙasa, inda aibin ke cikin buhun, hannun mai sayarwa ne kuma ya ɓoye shi.

Sai dai ingancin ciniki a gaban alƙali bai share tambayar da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ba. Fatakan da ke saye da takarda a zamanin Malik sun san tufafi, sun fahimci siffar da ake karanta musu, wanda kuwa ya taso daga Maiyama ranar kasuwa da wayarsa a aljihu bai san abin da haruffan nan ke nufi ba, tsadarsu kawai ya gani. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Gwandu, ta hana yaudara a ciniki, ta kuma hana mai sayarwa ya ɓoye wani abu game da hajarsa wanda mai saye zai ƙi ta da ya san shi. Malaman Malikiyya kuma sun ware hukunci ga mustarsili, wato wanda ya sallama wa mai sayarwa saboda rashin sani, suka ɗauki cutar da shi a matsayin zalunci, ko da yake maganarsu ta fi karkata ga farashi. Ra'ayin da ya fi nauyi a nan shi ne, ɗan kasuwar da ya ga wayar a hannun mai saye, ya san ba za ta yi aiki da kodek ɗin ba, sannan ya yi ta nuna sunan da yatsa don ya ɗaga farashi, ya yi ha'inci da magana ta gaskiya. Wanda shi ma bai sani ba, kwalin ya saro kamar yadda ya gan shi, ba ya ɗauke da wannan laifin, amma wajibin neman sanin abin da yake sayarwa yana kansa, tunda malamai sun yi ittifaƙi cewa bai halatta mutum ya shiga wani aiki ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa.

Mai saye ma yana da nasa rabon, kuma shari'a ta ba shi makami, wato sharaɗi. Muhtasar na Halilu ya tabbatar da mayar da haja idan aka rasa siffar da aka sharɗanta kuma akwai manufa a cikinta, don haka wanda ya ce zai saya ne idan LDAC zai yi aiki da wayarsa ya mayar da zato ya zama haƙƙi. Gwajin bai kai minti biyar ba a wayar Android: a shiga bayanin waya a saiti, a taɓa lambar sigar manhaja sau 7, sashen masu ƙirƙirar manhaja ya buɗe, a haɗa iyafis, a kunna karatu, sai a duba sunan kodek ɗin da ke aiki a lokacin. Matsalar ita ce gwaji na buƙatar a yage ledar kwali, abin da masu rumfa ba sa so, wanda ya sa ajiye guda ɗaya a buɗe don gwaji ya fi kusa da adalci ga ɓangarorin biyu.

Akwai kuma abin da mai gaskiya zai ƙara faɗa ko da zai rage masa riba. Kiran waya ba ya bi ta waɗannan kodek ɗin, yana da tasa hanyar daban, kuma wa'azi ko tafsirin da ya zo ta WhatsApp an riga an matse shi tun kafin ya iso, ta yadda babu kodek ɗin da zai dawo da abin da aka zubar. Mutumin da buƙatarsa ke nan, iyafis mai SBC da AAC ya ishe shi.