Dariya da Amana a Wani Tsohon Fim na Gold Coast

A tsakiyar shekarun 1950 sashen shirya fina-finai na gwamnatin mulkin mallaka ta Gold Coast, wanda aka kafa a 1948, ya fitar da wani gajeren fim na barkwanci da kiɗa mai suna Mr. Mensah Builds a House, a ƙarƙashin jagorancin Sean Graham. Labarin wani ma'aikaci ne, Mensah, da ya damƙa kuɗin ginin gidansa a hannun wani matashi ɗan uwansa, matashin ya kashe su a sharholiya, har sai da shirin gidaje na gwamnati ya fitar da Mensah kunya. A wancan zamani, irin waɗannan fina-finai motocin majigi ne ke kai su gari-gari, jama'a su taru a fili da dare su kalla.

Mutanen Nima, wata unguwar zango a Gold Coast ɗin da ta tasa daga zaman Malam Amadu Futa a 1931, da maƙwabtansu na Maamobi, sun san wannan labari tun kafin a ɗauke shi a fim, domin baƙo mai aika guminsa gida a yi masa gini ya san ɗacin cin amana. Malamai da dama kuwa sun daɗe suna sanya silima a babin lahawu, wato duk wasan da ke shagaltar da zuciya daga ambaton Allah, kuma gidan silimar Nima, da sunan Duniya da ya ɗauka, kamar ya ba su hujja ne da bakinsa.

Sai dai Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗora hukuncin sauraron kiɗa a kan abin da yake motsawa a zuciyar mai saurare. Idan aka bi wannan ma'auni, dariyar da ake yi wa maci amanar Mensah ba izgili ba ce, tunda izgili ƙasƙantar da mutum ne sananne, shi kuwa wannan matashi ƙirƙira ne. Hasali ma jama'ar da ta yi masa dariya tare ta shaida cewa amana tana da nauyi a wurinta.

Abin da ya fi cancantar tuhuma shi ne niyyar mai ba da dariyar. Kiɗa da raha sun sassauta zukatan masu kallo ne domin su karɓi saƙon cewa ɗan uwa yakan ci amana, hukuma ce abin dogaro, alhali mazauna zango da hannunsu da taimakon dangi suka tayar da ɗakunansu, hukumar kuma ta bar Nima shekaru masu yawa ba magudanar ruwa.