Turawa da Jawowa daga Tushe Guda

Tun zamanin da malaman kalamu suke jayayya da Majusawan Farisa, waɗanda Shaharastani, da ya rasu a 1153, ya bayyana aƙidarsu a cikin Al-Milal wan-Nihal, akwai wata shubuha da ba ta gushe ba tana kai-komo a zukatan mutane, ita ce cewa duk inda aka ga ayyuka biyu masu kishiyantar juna, kamar bayarwa da hanawa, to, lalle a bayansu akwai tushe biyu, kamar yadda Majusawa suka raba mulkin duniya tsakanin Yazdan da Ahriman. Malamai sun rushe wannan da hujjojin hankali da na nassi, ba su kuwa bukatar gudummawata. Amma abin lura ne a ce ƙaramar amfilifayar da ake jona wa batirin mota a zaurukan karatu na unguwar Hotoro idan an ɗauke wuta, tana gudana a kan ƙa'idar da ke ƙaryata wannan shubuha, ko da yake Allah Ya tsarkaka daga a buga misalin zatinsa da ƙirar hannun bawa.

Sauti kai-komo ne, domin takardar lasifika ba ta fid da murya sai an tura ta gaba an jawo ta baya sau ɗaruruwa ko dubbai a daƙiƙa guda. Saboda haka masu ƙira suka jera taransisto biyu, na sama irin NPN, na ƙasa irin PNP, tsakanin kan batir da gindinsa, suka daidaita su yadda mahaɗarsu za ta zauna a rabin ƙarfin batirin, wato bolt 6 idan batirin mai 12 ne. In murya ta hau, na sama ya buɗe ya tura wuta. In ta sauka, ya rufe, na ƙasa ya buɗe ya jawo. A nan mas'alar take: tun da na sama ya rufe hanyar batir, daga ina mai jawowa yake samun ƙarfinsa? Manyan na'urori suna da wuta biyu, ta sama da sifili da ta ƙasa da shi, kowane taransisto da tasa. Ƙaramar amfilifayar nan kuwa ba ta da sai guda.

Jawabin yana cikin wani gwangwani mai kaurin babban yatsa, wanda masu gyara ke kira kafasito, da aka sa tsakanin mahaɗar da lasifika, tsarin da ya bazu bayan injiniya H. C. Lin na kamfanin RCA ya bayyana irinsa a 1956. Gwangwanin ne yake riƙe bolt 6 ɗin nan, yana tsare lasifika daga wutar da za ta ƙona koyil ɗinta, yana karɓa a lokacin turawa, yana mayarwa a lokacin jawowa. Ashe mai jawowa ba shi da taska tasa. Abin da aka bayar ɗazu, shi yake komowa da shi.

Haka nan ma'abota tasawwufi suna da kalmomi biyu, ƙabdu da basɗu, ƙuncin zuciya da yalwarta, waɗanda Ƙushairi, da ya rasu a 1072, ya danganta su da tsoro da fata a cikin Risalarsa. Kuskuren mai ƙaramin sani shi ne ya ɗauki yalwa daga Ubangiji take, ƙunci kuwa daga wani maƙiyi mai ikon kansa, har ya kwashi kuɗinsa ya kai wa boka, alhali kuwa Mai shimfiɗawa Shi ne Mai damƙewa, kuma bawa ba ya jin zafin rashi sai gwargwadon ni'imar da ya riga ya ɗanɗana.

Amma abin da ya fi jan hankalina shi ne wurin miƙa aiki tsakanin taransisto biyun nan. Taransiston silikon ba ya farkawa sai an ba shi kimanin bolt 0.6, don haka in aka bar kowanne ya yi barci sarai a lokacin aikin ɗan'uwansa, sai a sami ɗan gibi da babu mai turawa babu mai jawowa, muryar mai karatu ta fito da kaushi, musamman in ya sassauta ta. Maganin shi ne a sa diyod biyu su riƙe su duka a farke, wuta kaɗan tana ratsa su ko da ba a magana. Haka Imam Gazali ya tafi a Ihya'u, cewa tsoro da fata ba a sallamar ɗayansu, domin fata tsantsa tana kai mutum ga amince wa makarun Allah, tsoro tsantsa kuwa ga yanke ƙauna.

Wannan farkawa tana da farashi, don tana cin batir tana kuma haifar da zafi, taransisto kuwa in ya yi zafi sai ya ƙara jan wuta, ya ƙara zafi, har ya hallaka kansa da abokinsa. Shi ya sa mai gyaran rediyo a Tarauni ko Gyaɗi-Gyaɗi, in ƙwararre ne, yake manna diyod ɗin a jikin ƙarfen da ke shan zafin, ya ɗora tsinken mitarsa a mahaɗa ya ga ko 6 ta nuna, sa'an nan ya taɓa ƙarfen da bayan yatsa kafin ya ce wa mai kaya, “Malam, a je a gwada.”