Ibada da Tausayi, Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

'Yan'uwa cikin Kristi, masu karanta Turanci a cikinmu sun sha gamuwa da kalman nan "piety". Ma'anarta tsoron Allah da riƙon ibada, mai wannan hali kuwa a kan ce da shi "pious". Bari mu bi sawunta har gida, gama akwai wa'azi a ciki.

Turawan Ingila aro suka yi. Asalinta daga harshen Romawa ne, su "pietas" su ke cewa. A wurinsu mai "pietas" shi ne wanda ya ke sauke hakkin da ke wuyansa, na allolinsa, da na iyayensa, da na ƙasarsa. Wani mawaƙinsu, Birjil, wanda ya mutu shekara 19 kafin haihuwar Ubangijinmu, ya ba da labarin wani jarumi, Iniyas, da ya goya tsohon ubansa ya fitar da shi daga birnin Taroy sa'ad da birnin ke cin wuta. Shi ne Romawa suka ɗauka abin misali.

Kalmar ta bi ta bakin Faransawa ta shiga Turanci, sai ta rabu biyu: "piety", wato ibada, da "pity", wato tausayi. Ashe uwa ɗaya uba ɗaya su ke. Da tafiya ta yi tafiya kuma, Turawa suka fara kiran mutum "pious" da ba'a, in sun ga ibadarsa ta ganin ido ce.

A cikin Littafi Mai Tsarki na Turanci da aka buga a 1611, kalman nan "piety" sau ɗaya tak ta fito, a 1 Timoti 5:4. Ba zancen azumi ko doguwar addu'a Bulus ya ke yi a wurin ba. Yana umurtar 'ya'ya da jikoki su lura da gwaurayen mata na gidansu, su sāka wa iyaye wahalar da suka sha. Ubangiji kansa, a Markus 7, ya tsauta wa Farisiyawa domin sun yarda mutum ya ce ya keɓe dukiyarsa ga Allah, ya bar iyayensa hannu wofi.

To, kai mai karatu, ga tambaya. Ba a rasa ka a sujada, kana ba da baiko, muryarka ta fi ta kowa a waƙa. Amma tsohuwarka fa da ke ƙauye, yaushe rabonka da aika mata ko da mudun gero? Wani ya ce, ai iyayena ba masu bi ba ne, har sun kore ni. Wannan ciwo ne na gaske, ban raina shi ba. Duk da haka dokar girmama uba da uwa ba ta zo da sharaɗi ba. Wataƙila ma buhun dawa da ka aika ya buɗe ƙofar da gardama ta rufe.

Allah ya ba mu ibada mai tafe da tausayi. Amin.