Wa Zai Auna Kyan Murjani?

'Yan uwana mata, kowaccenmu ta san murjani, ko a wuyan amarya ko a tsohon adudun kaka, har suna muke raɗa wa 'ya'yanmu da shi, Murjanatu. Amma ba kowa ya san halitta ce mai rai ba. Wasu 'yan mitsi-mitsin dabbobi ne a teku, suna gina ɗakuna masu tauri a kan juna shekara da shekaru. Jan da ake tsakiya da shi akasari daga Bahar Rum yake fitowa. Danginsa kuwa masu gina tsaunuka a ƙarƙashin ruwa suna nan a Bahar Maliya dab da Jidda, da kuma gaɓar Ostireliya inda tsawonsu ya kai kilomita 2,300. Ba su cinye ko kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a wurinsu suke samun ci da makwanci.

To, yanzu suna mutuwa, kuɗin ceto kuma ba ya isa ko'ina. Sai masana suka ce bari a auna kyau, tunda ɗan Adam abin da ya ba shi sha'awa shi yake buɗe wa bakin aljihu. A 2015 wasu masana a San Diego ta Amurka suka sa kwamfuta ta duba hotunan tsaunukan murjani, tana ƙidaya launi da haske da tsari, ta ba kowanne maki. Suka tarar mafi yawa wanda ya fi kyau shi ya fi lafiya. Madalla, har nan ban da ja.

Inda hankalina ya tashi shi ne binciken 2022 da aka yi daga Faransa. Mutum 13,000 aka nuna wa hotunan kifayen da ke zaune cikin murjanin, kowa ya zaɓi wanda ya fi burge shi. Masu zagayayyen jiki da launi rambatsau su suka lashe, kamar dai gasar sarauniyar kyau. Dogayen nan masu ruwan toka, marasa ado, aka bar su a baya. Kun san me? Waɗannan da aka raina su ne suka fi fuskantar ƙarewa, su ake kamawa ana kaiwa tukunya, kuma da yawansu aikin da suke yi a ruwan ba mai maye gurbinsu.

Wannan ai mun san shi a gidajenmu. Gida mai 'yan mata biyu, a yi ta tarairayar fara mai dogon hanci, ita ce ɗinkin Sallah, ita ce gaban baƙi, ɗayar kuwa tana gindin murhu, ita ke riƙe da gidan, ba mai tambayar ko ta ci. Ni ban ce kyau laifi ba ne, Allah ne ya yi shi, ya kuma sa mana son sa. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi mudun awon wanda ya cancanci a cece shi.

Kuma ido ma yana cin amana. Launin murjani akasari ba nasa ba ne, wasu ƙwayoyin gansakuka ne da ke zaune a jikinsa suna ciyar da shi. In ruwa ya yi zafi sai ya kore su, ya koma fari fat. Wadda ke ganin fari shi ne kyau, har tana shafa mai don ta samu, sai ta ce ai ya ƙara haske, alhali yunwa ce ke kashe shi. Haka ya faru a Ostireliya a 1998, da 2016, da 2024. A 2016 ɗin ma, a tsibirin New Caledonia, wani murjanin da zafin ya kama bai yi fari ba, sai ya ɗau shuɗi da rawaya da shunayya masu ƙyalli, masu ɗaukar hoto suka yi ta nutso suna ɗauka.