Tsakanin Kunya Da Neman Magani

Shin ya halatta mace ta ɓoye ciwo saboda kunya? Mas'alar ta shafi wadda ta ji ƙullutu a mamanta, ko ta ga kansa ya shige ciki, ko jini na fita daga gare shi, amma ta yi shiru har watanni suka shuɗe.

Hujjojinta biyu ne, watau kunya da tawakkali. Kunya dai reshe ce ta imani, babu jayayya. To, amma malaman fiƙihu sun tabbatar cewa larura tana halatta wa likita duba gurbin ciwo gwargwadon bukata. A fara neman likita mace. In ba a samu ba, namiji ya duba, tare da miji ko muharrami a wurin. Tawakkali kuwa bai kore riƙon sababi ba. Sa'ad da aka yi wa Sa'adu ɗan Mu'azu rauni a Yaƙin Handaƙ, shekara ta 5 bayan Hijira, Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kai shi hemar Rufaida mai jinya.

Likitoci sun ce akasarin irin wannan ƙullutu ba sankara ba ne, amma sai da gwaji ake bambancewa. Sankarar da aka gano da wuri ta fi jin magani. Masu camfin cewa daji ba ya son allura su sani jinkiri ne ke ba shi damar yaɗuwa.

Jiki amanar Allah ne. Mijin da ya hana izini ko kuɗin asibiti alhali yana da hali, za a tambaye shi a kan kiwon da aka ba shi. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, amin.